Jarirai Tara a Wajen Taswira

A shekara ta ashirin da biyu da fara aikina na rajistar haihuwa aka ba ni takardar tuhuma ta farko, kuma ita ce ta ƙarshe. Ranar Litinin ce da hantsi. Na shigo ofishinmu da ke Talata Mafara, na rataye hular kwano a ƙusa, na iske ambulan a kan teburina an danne shi da kwalbar tawada. Layi shida ne a ciki. An ce a wata Alhamis, mako biyu da suka wuce, na shigar da haihuwar jarirai tara a wani ƙauye na ƙasar Maradun, alhali wayar aiki ta nuna ban taka ƙauyen ba a wannan rana. An ba ni kwana uku in yi bayani. In bayanin bai gamsar ba, za a karɓe littafin rajista daga hannuna, a kuma soke takardun nan tara.

Sau uku na karanta ta a tsaye. Ba a rubuta kalmar ƙarya a ciki ba, amma ma'anar ke nan: wai na zauna a inuwa na ƙirƙiro yara tara da iyayensu. Ni da ban taɓa gyara harafi ɗaya a littafi ba sai na ja layi a kansa, na rubuta daidai a sama, na sa hannu a gefe. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar sokewa. Ni babba ne, ina da bakin kare kaina. Jaririn da aka soke takardarsa kuwa ba zai sani ba sai ranar da aka kai shi makaranta aka ce babu shi.

Sai na bayyana yadda muke aiki, don a gane inda rigimar ta fito.

Ƙauyukan Talata Mafara, da Bakura, da Maradun nake zagayawa a kan babur, kuma abubuwa biyu nake ɗauke da su masu nuna hanya. Na farko na'ura ce da aka yi ta musamman don babur. Wani aikin ƙidayar rijiyoyi ne ya bar ta a ofis shekaru da dama, ba wanda ya so ta, na rubuta takarda na karɓa. Kauri gare ta kamar sabulun wanki, an ɗaure ta a tsakiyar kan babur, tana shan wuta daga batirinsa. Maɓallanta na roba ne, ana danna su ko da hannu ya jiƙe da zufa. Rana ba ta dusashe fuskarta, ruwan sama bai dame ta ba, ba ta neman sabis. Taswirar da ke cikinta tsohuwa ce ƙwarai, ba ta san komai ba sai kwalta da gulbi da manyan garuruwa. Amma tana da hali ɗaya da ya sa na riƙe ta: duk inda babur ya bi, sai ta ja layi, ta rubuta lokaci, ta ajiye. Mutanen ƙauye agogo suke ce mata, ni kuma malam mai agogo.

Na biyu waya ce, wadda aka raba mana shekara guda kafin wannan abu. Ba zan zalunce ta ba. Ta san lungunan Talata fiye da wasu 'yan garin, tana magana ta ce bi dama, bi hagu, kuma ta taɓa kai ni ƙofar wani gida a Gusau ba tare da na tambayi kowa ba. Takardar da a da sai ta yi wata kafin ta isa babban ofis, yanzu kafin in sha ruwa ta tafi. Sai dai in ka ɗaura ta a kan babur da rana tsaka, ta yi zafi, ta rage haske, daga nan ta ɗauke. In ka sauka daga kwalta kuma, sai ta bar ka da ɗigo ɗaya a tsakiyar fili.

Tare da wayar aka kawo doka. Kowane ƙauye an zagaye shi da da'ira a taswira, kuma dole ma'aikaci ya shiga cikin da'irar ya danna cewa ya iso, kafin manhajar ta buɗe masa wurin rubutu. Waɗanda suka zana da'irorin ban san su ba. An ce daga hotunan sama suka yi aikin, inda suka ga rufin kwano a tare, nan suka kira gari.

Ga abin da hoton sama bai gaya musu ba. Ƙauyen da ake magana a kansa, wanda ba zan ambaci sunansa ba, yana gaba da garin Kaya. Da an kawar da amfanin damina aka fara dashen albasa, mutanensa kan rufe ɗakuna su gangara fadama da mata da yara da awaki, su kafa bukkoki kusa da lambunansu, su zauna har a cire albasa. Wannan mazauni shi suke kira tunga. Ba ta da suna nata, sunan garin take amsawa, kuma ba ta da wuri ɗaya, kowace shekara inda ruwa ya bari nan ake kafa ta. Mace ba ta ɗage haihuwa don ana rani. A tunga ake haihuwa, a tunga ake yanka ragon suna. In ka tambayi uba inda aka haifi ɗansa, sunan garinsu zai faɗa maka, kuma gaskiya ya faɗa.

A waccan Alhamis na iso mararrabar ƙauyen, na haɗu da wani mai jaki da buhunan taki. Bayan mun gaisa na tambaye shi mutanen gari.

Ya ce, "Duk sun gangara, malam. Ba ka iske kowa sai tsohhi."

Na san abin da abokan aikina suke yi a irin wannan hali. Sukan shiga garin, su tsaya a gindin masallaci, su danna cewa sun iso, sa'an nan su wuce inda za su. Ni na ga wannan ƙarya ce ƙarama, a shaida wa ofis an iske mutane alhali ƙofofi aka iske a kulle. Don haka ban shiga ba. Na juya daga wani kwalbati da ke mararrabar na bi sawun jakin. A tunga na fito da waya, ta ce ba na cikin yankin aiki, ta ƙi buɗewa. Na mayar da ita aljihu, na shimfiɗa babban littafi a kan cinya, na rubuta yara tara da hannu, na ba kowace uwa takardarta. Washegari a ofis na kwafe su cikin kwamfuta. Kuskurena, kuma na amsa shi, shi ne ban rubuta ko layi ɗaya na bayani ba. A ganina abin da kowa ya sani ne.

Shugabar sashenmu wata bakwai ke nan da karɓar aiki. Kirista ce, iyayenta ma'aikata ne da suka zo daga kudancin Kaduna, amma a Talata aka haife ta, kuma Hausarta ta kasuwa ta fi tawa kaifi. Ta girmi 'yata ta fari da kaɗan. Ban jira kwana ukun ba. Na kwance na'urar daga kan babur, na shiga ofishinta riƙe da ita kamar mai shigo da shaida gaban alƙali. Taubashina ya biyo ni, ɗan kawuna ne mutumin Bakura, tare muke aiki, kuma tun muna yara bai taɓa barin in shiga wani hali ba tare da ya zo kallo ba.

Na gaishe ta, ta amsa, ta miƙe ta ba ni kujera. Na ce, "Ranki shi daɗe, waya ta ce ban je ba. Ga wadda ba ta rabuwa da babur. A tambaye ta."

Ta ce, "Baba, ni ma abin da nake so ke nan. Ban ji daɗin rubuta takardar nan ba. Daga sama aka turo sunanka."

Aka haɗa na'urar da kwamfuta, na nemo layin ranar, ta ɗora shi a kan taswirar ofis. Layin ya fito daga Talata, ya bi kwalta, ya wuce Kaya, ya nufi da'irar ƙauyen. Saura kaɗan ya taɓa ta, sai ya karkace. Ya shiga wani farin wuri inda taswira ba ta nuna gida ko hanya ba, ya yi ta lanƙwasa, ya tsaya. A gefen inda ya tsaya an rubuta lokaci, awa huɗu da 'yan mintoci.

Da hannuna na kawo shaidar da ta tabbatar da tuhumar, har ta ƙara mata. A shekarun nan kowa ya san abin da ke zuwa zuciya in an ce mutum ya shafe awa huɗu a dajin Maradun, ba a san wurin wa ya je ba. Ba wanda ya furta sunan 'yan bindiga. Taubashina ya gwada wasa, ya ce, "Bawana, ashe amarya ka ajiye a daji," amma ko shi bai yi dariya ba.

Na yi bayanin tunga, a tsare, daga farko har ƙarshe. Ta saurara ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, "Na yarda ana haka, na sha jin labari. Amma in na rubuta wa babban ofis cewa na ji labari, ba za su karɓa ba. Wannan abin zai iya mayar da mu inda ka je?"

Na ce zai iya.

Ta ce, "To gobe ka kai ni."

Washegari bayan an karya muka kama hanya da babur biyu, ni a gaba, ita a bayan taubashina, da babban littafin a jakarta, don ta karɓe shi tun jiya ta ce zai zauna wurinta har a gama. Rabona da in hau hanya babu littafin a bayana na manta, sai na riƙa jin babur ɗin ya yi sakayau. A Kaya muka tsaya kusa da makarantar sakandare, muka tambayi lafiyar hanya kamar yadda kowa ke yi yanzu kafin ya sauka daga kwalta. Aka ce masu albasa sun fito da safe, lafiya lau.

Ta ce mu fara shiga ƙauyen. Wayar taubashina ta kai mu har tsakiyarsa ba kuskure, ta yi 'yar ƙara ta ce mun iso. Muka kashe babura. Ƙofofin langa-langa a rufe, wasu an tokare su da itace, wasu da kwaɗo. Turmi a kife a ƙofar wani gida. Wani dattijo makaho yana zaune a zauren mai gari yana tufka igiya. Muka durƙusa muka gaishe shi, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da aiki da gajiya da hanya, muka tambayi sanyi da jiki da jama'a.

Shugabar ta ce, "Baba, ina mutanen garin?"

Ya ce, "Ɗiyata, gari na tunga. Mu anka bari gadin ƙadangaru."

"Yaushe za su dawo?"

"In albasa ta ba su hannu. Ko in na mutu, su zo su rufe ni su koma."

Ta dubi wayarta, wadda ke nuna mata tana tsakiyar gari, ta dubi ƙofofin. Ta rubuta wani abu a ƙaramin littafinta. Na ji daɗin ganin ita ma mai rubutu ce.

Daga kwalbati na danna wa na'urar ta bi tsohon layi. Sai ta fito da shi baƙi ƙirin a fuskarta, da 'yar kibiya da ke nuna inda nake a kansa. In na kauce, kibiyar ta bar layin, in na dawo ta hau. Ba don ita ba da ban kai su ba, wannan na faɗa ko a gaban wa. Hanyoyin fadama ba hanyoyi ba ne, kunyoyi ne tsakanin fangalin shuka da fangalin shuka, faɗin taya ɗaya, kuma duk kamarsu ɗaya: albasa dama, albasa hagu, can alkama, can injin ban ruwa yana tari. A mako biyun nan ganye ya ƙara tsawo, wurin da na sani ya sauya fuska. Sau biyu zuciyata ta ce dama, layin ya ce hagu, na bi layin, kuma shi ne da gaskiya.

A wani wuri layin ya ratsa ta cikin ruwa. An saki ruwa daga madatsar Bakolori a makon, manoma suka fasa kunyar da na bi don ya shiga lambunansu. Muka sauka, muka naɗe wanduna, muka tura babura ta kan karan dawa da aka shimfiɗa a gefe. Shugabar ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta ɗora jakar littafin a ka, ta ƙetare ba ta nemi a riƙe ta ba.

Taubashina ya duba wayarsa da ke ɗaure a kan babur. Tun daga kwalbati ba ta nuna komai sai ɗigo a farin fili, yanzu kuma zafi ya kashe ta gaba ɗaya.

Na ce, "Ina mai maganar taka? Ta yi shiru."

Ya ce, "Azumi takai. Kai dai ja mu, bawa. In ka ɓad da mu, a gadona za a cire ka."

Muka ci gaba. Na'urar ta fara ƙidaya abin da ya rage, ina kallo yana raguwa. Muka zagaye wata giginya da na tuna, gabana ya saki, na ce musu ga shi nan mun iso. Kibiyar ta hau ƙarshen layi ta tsaya.

Babu bukka ko ɗaya.

Fili ne a tattake, da laka, da duwatsun murhu uku-uku da toka ta jiƙe a tsakaninsu, da ramukan da aka tuge dirkoki. Wani tsohon takalmin roba na yaro a kife. Na sauka daga babur na tsaya daidai inda na zauna na yi rubutu, ruwa yana tsattsafowa a ƙarƙashin ƙafata. Na sake duba na'urar, ko na yi kuskuren layi. Ba kuskure. Nan ne. Ta kawo ni inda na taɓa zuwa, iyakar abin da ta sani ke nan.

A rayuwata ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba, kuma kunya ce ta wanda bai yi laifi ba, wadda ta fi ɗaci. Na ce, "Ranki shi daɗe, wallahi nan suke." Na ji muryata kamar ta masu ƙaryar da na sha kamawa.

Ta tsuguna ta taɓa tokar murhu ɗaya, ta duba yatsunta. Ta ce, "An zauna a nan, wannan ba shakka. Amma toka ba ta da suna, Baba."

Taubashina ne ya ɗaga hannu ya ce mu yi shiru. Wasa ya bar fuskarsa. Injin ban ruwa da ke kusa ya mutu a daidai lokacin, sai muka jiyo daka, taɓarya biyu suna amsa wa juna, daga bayan wani ɗan tudu da ke arewa da mu. Muka bar babura a nan muka taka.

Tungar tana bayan tudun, tafiyar da ba ta kai ta daga ofishinmu zuwa tasha ba. Bukkokin kara sababbi, rumfunan ajiyar albasa, awaki a ɗaure, zannuwa a shanye. Wadda ta fara ganinmu ungozomar garin ce, tsohuwa doguwa mai goro a kunci, ita ta karɓi haihuwar yaran nan duka, ita ta tara mini iyayensu a waccan Alhamis.

Ta ce, "A'a, malam mai agogo. Yau da baƙi? Ina agogon?"

Na ce yana can inda suka tashi.

Ta ce, "To shi zauna can shi jira mu. Ruwa ya ishe mu cikin ɗaki ran Lahadi, munka kwashe."

Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa da fura, aka yi gaisuwa har ta ƙare. Ina zaune kamar a kan ƙaya, amma ban isa in tsallake gaisuwa ba. Da aka natsa, shugabar ta yi bayanin abin da ya kawo mu, a taƙaice, ba ta ambaci tuhuma ba. Ta ce ofis ne ke son ganin yaran da takardunsu. Tsohuwar ta dube ni, ta dube ta, ta gane duk abin da ba a faɗa ba.

Ta ce, "Wai cewa anka yi bai zo ba? Mutumin da ya hana mu daka tun hantsi har azahar, shina tambaya wa ya haifi wa, shina sa a maimaita mai suna sau ukku? Ɗiyata, in kuna da wanda bai zuwa, shi za ku turo muna, mu huta."

Taubashina ya ce, "Inna, ni ne wannan. Ki roƙa a ba ku ni."

Ta ce, "Kai da ganin cikinka fura za ka ƙarar muna."

Ta aika a kira matan. Suka fito ɗaya bayan ɗaya da goyo, kowace da takardarta. Wata ta naɗe tata a leda ta sa cikin kwalla, wata a cikin gafakar mijinta, wata ta ciro daga ƙasan buhun gero. Duk da tashin da ruwa ya sa su yi a gaggauce, ba wadda ta jiƙe. Shugabar ta buɗe babban littafin a cinyarta, tana kiran suna, uwa ta amsa, ta karɓi takarda ta gwada lamba da lamba, ta leƙa fuskar jariri, ta sa alama. Ina jin kowace alama a ƙirjina kamar ana sauke mini tubali. Ɗaya, biyu, har takwas.

Ta kira na tara, ba wanda ya amsa.

Ungozomar ta ce haihuwar fari ce, iyayen yarinyar sun zo sun tafi da ita gida wanka, a garin Morai, sai ta yi arba'in. Mijin kuma ya kai albasa kasuwa.

Shugabar ta rufe littafin ta ce, "Takwas sun isa, Baba. Na ga abin da na zo gani."

Na ce, "Ranki shi daɗe, tara aka rubuta a takardar tuhuma."

Taubashina ya dafe kai ya ce, "Kin gani ko? Haka muke fama da shi tun yana yaro. In kin ce ya share ɗaki, har rufin sai ya share."

Ta yi murmushi, karo na farko tun Litinin. Ta ce Morai ai kusan kan hanyarmu take.

Layin ya fitar da mu daga fadama kamar yadda ya shigar da mu. Da muka hau kwalta, wayar taubashina ta huce ta farfaɗo, kuma a nan ta yi abin da na'urata ba za ta taɓa iyawa ba. Ungozomar ta ba mu lambar mijin a bayan kwalin ashana. Aka kira shi yana tsakiyar kasuwa, ya ba da lambar surukinsa, aka kira surukin, ya ce zai tsaya mana a bakin hanya. Ni ban taɓa zuwa gidan ba, don haka na'urata ba ta da layinsa. Da la'asar sakaliya muna zaune a zauren gidan a Morai, aka fito da jaririya tana ƙamshin turaren wuta, da takardarta a cikin ambulan ɗin da na ba su da hannuna. Shugabar ta sa alama ta tara. Sannan ta miƙo mini littafin da hannu biyu, a gaban mutanen gidan.

Na ɗaure shi a bayan babur. Nauyinsa ya dawo, na ji tayar baya ta zauna a ƙasa yadda na saba. Tun daga Morai har Talata ina ta godiya ga Allah a zuci, iska tana busar da lakar da ke ƙafar wandona.

Washegari ta ce mini maganar ta wuce, in manta da ita. Na ce a rubuce aka tuhume ni, a rubuce nake roƙon a wanke ni. Ta rubuta, layi huɗu, ta sa hannu da hatimi. Ni ma na rubuta nawa bayanin, na amsa cewa na yi sakaci da ban sanar da ofis dalilin kauce wa da'ira ba, na haɗa takardun uku da allura na sa a fayil ɗina. Ta kuma rubuta wa babban ofis ta nemi a ba ƙauyukan fadama da'ira ta biyu ta rani, wadda za a riƙa sabuntawa. An daɗe kafin a amsa, amma an amsa. Wuraren da aka sa a karon farko daga na'urata aka kwafe su.

Har na bar aiki ina tafiya da su biyun, waya a aljihun gaba inda rana ba ta kai mata, na'ura a kan babur. Duk farkon rani sai in gangara in nemo inda tunga ta sauka bana, in ajiye wurin, in kawo ofis. Sau da yawa kafin a shigar da shi sun sake tashi.

Bara na bi ta Kaya na tsaya a makarantar firamaren ƙauyen nan, na roƙi shugabanta ya nuna mini rajistar 'yan aji ɗaya. Ban gaya masa dalili ba. Na bi sunayen da yatsa, na sami shida daga cikin taran, kowanne da lambar takardarsa a gefe, lambar da na rubuta a kan cinyata a waccan Alhamis. Na tambayi sauran ukun, aka ce biyu suna tunga, sai an cire albasa za a kawo su a rubuta su, ɗaya kuma iyayensa sun koma Bakura. Na rubuta haka a ƙaramin littafina, na yi masa godiya, na hau babur.